Motar da Alhaji Hamidu Ya Turke

Tun safe nake jin ku kuna gardama a kan hoton wata tsohuwar mota mai kujera biyu da kuka gani a waya. Wannan ya ce samfurin farko ya fi, wancan ya ce wanda ya biyo baya ya fi gudu, alhali cikinku babu wanda ya taɓa ko riƙe sitiyarinta. Har na ji wani yana cewa kanikanci yanzu ya zama wasa, wai na'ura ce ke faɗa maka ciwon, kai dai ka cire ka sa sabo. To, madalla da ku. Ni Isa na yi fiye da shekara hamsin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane a garin Garwa, kuma sau ɗaya aka taɓa sa ni zaɓe tsakanin irin waɗannan motoci biyu. Saura ƙiris zaɓen nan ya rufe mini garaji.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne wankin noti. Ubangidana Malam Dauda, Allah ya ji ƙansa, gajere ne mai faɗan tsiya, a kan motocin soja ya koyi aiki. Shekara biyu ina zaune gaban rabin duro da kananzir da tsohon buroshi, ban taɓa inji ba. A ta uku ya kwance kafireto, wato abin da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, ya zube kayan cikinsa a ƙwarya, ya ɗaure mini ido da ƙyalle ya ce in mayar. Na mayar ina taƙama, ashe wani ɗan sifirin na kwance a gindin ƙwarya. Ranar na sha ranƙwashi, kuma haka muka yi ta yi har yatsuna suka haddace abin. Kayan aikinmu duka ba su cika akwati ɗaya ba. Sifanu ne, da guduma, da filaya, da sukundireba biyu, sai wata tsohuwar hular Nasara mai kauri da muke tace fetur da ita. Kada ku raina hular nan. Man lokacin na duro ne, ya sha doguwar hanya kafin ya iso mu, akwai tsatsa a ciki akwai ruwa. Kafireto yana haƙuri da irin wannan mai. In ya toshe, ka kwance shi a gindin bishiya, ka hura da baki, ka ci gaba da tafiyarka.

Na bar hannun Malam Dauda da albarkarsa, na kafa tawa rumfar a gefen unguwar Pumpumre, zamanin shugaban ƙasa na farko. Kwano shida ne da rami ɗaya, sai itacen mangwaro mai ƙaton reshe da nake rataya inji a kai. Ban gama jin daɗin a kira ni maigida ba sai shekarar fari ta sauka. Motocin haya suka rasa fasinja, masu ƙananan motoci suka ɗora su kan duwatsu suka koma keke. Akwai ranar da tun safe har la'asar abin da na gyara kawai shi ne fitilar maƙwabciyarmu, ita ma godiya aka biya ni. Ga mata a gida, ga jariri. Abin da ya hana ni kwashe kwanona shi ne manyan motoci uku na Alhaji Hamidu, waɗanda a nan muke ce wa kamiyo. In suna zuwa rumfata mu ci tuwo, in sun daina shi ke nan.

Alhaji Hamidu falken shanu ne, jikan mahauta, mutum ne da in ya zauna a benci sai kowa ya tashi ya ba shi wuri don dole. A shekarar da kowa ke kuka shi ya yi dabara. Shanun da suka gangaro daga arewa daga ƙashi sai fata, ya saye su, ya turke su a bakin kogin Binuwai yana ba su ƙulin angurya daga masana'antar auduga. In sun murmure ya loda su zuwa kudu. Turken nan shi ne iliminsa duka. Ka ɗaure dabba a inuwa, ka hana ta yawo, ka cika mata ciki, ta yi daraja. Da wannan ya yi arziki, don haka ba ya jin akwai abin da turke ba zai gyara ba.

Wata safiya ya tsaya a bakin rumfata, ya gaishe ni da Fulatanci, ya ce, "Isa, jam na? Rufe akwatin nan ka raka ni kasuwa."

Na ce, "Wace kasuwa, Alhaji? Yau ba ranar kasuwar shanu ta Adumri ba ce."

Ya ce, "Kasuwar ƙarfe."

Ashe gidan wani Nasara za mu, injiniya a masana'antar auduga, wanda aka kira shi gida yana sayar da kayansa. Mutumin nan mahaukacin mota ne. Yana da guda biyu 'yan gida ɗaya, ya da ƙanwa, kowace kujera biyu, doguwar gaba, gindi kusa da ƙasa. Babbar ja ce, amma rana ta cinye jan har ya koma kalar goron da aka tauna. Rufinta ƙarfe ne, injinta na kafireto, kuma na san ta tun a garajin Malam Dauda. Ƙaramar fara ce sol, rufinta na tamfol da ake naɗewa baya, kujerunta na fata suna ƙamshi. Ita ba ta da kafireto. Wani famfo ne ke tsirta mata mai kai tsaye cikin inji, abin da muke kira allura. Ta fi yarta gudu, wannan ba na musu.

Da kun ga yadda Alhaji ya duba motocin nan da kun riƙe ciki. Ya zagaya fara sau uku yana kallon ƙafafunta. Ya mari bayanta da tafi kamar yadda ake marin ƙugun sa. Ya danna taya da babban yatsa, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa salansa, har ya shafo baƙin ya shinshina. Sannan ya ce mini, "Buɗe mata baki." Na ɗaga bonet. Ya leƙa ya daɗe yana gyaɗa kai, alhali na san bai bambance batir da lagireto ba.

Ya juya wajen Nasara ya ce, "Mesiye, shekarunta nawa?"

Nasara ya nuna yatsu biyu. Da aka zo kan ja ya nuna tara.

Alhaji ya ce, "An gama."

Na ja shi gefe bayan wata bishiya, na sassauta murya. "Alhaji, ranka ya daɗe, ja za ka ɗauka. Farar nan famfonta kamar cikin agogo yake, an rufe shi da darma, daga nan har Duwala babu mai buɗe shi. Man da take so ba irin namu ba ne. Ja kuwa ko a tsakiyar daji ta tsaya, da sifana biyu zan tayar maka da ita."

Ya dube ni kamar na ce masa a yanka sa ta wutsiya. "Isa, shekara talatin ina sayen dabba. Ka taɓa ganin mai hankali ya bar karsana ya ɗauki guzuma?"

"Alhaji, mota ba saniya ba ce."

"Ba ta ci? Ba ta sha? Ba ta tsufa? To me ya rage?"

Aka ce a gwada. Nasara ya naɗe rufin, muka tura Alhaji ciki ni da mai gadin gidan, babbar rigarsa ta cika kujera har ta rufe giya. Ni na tuƙa. Muna hawa gadar Binuwai na ɗan taka, ina fatan tsoro ya yi mini aikin da bakina ya kasa. Iska ta fizge hularsa, muna kallo ta yi ta juyi har ta sauka cikin ruwa. Na ce a raina yau na ci nasara. Na waiga sai na ga mutumin nan yana dariya har da hawaye, kansa tal a rana, yana cewa, "Ƙara! Wadda ta iya cire mini hula ai ta isa!" Da muka dawo sai da mutum biyu suka ciro shi, kuma kafin ya gama gyara rigarsa an yi ciniki.

A nan ne ya ɗaure ni. Ya dafa kafaɗata gaban Nasara ya ce, "Kai ne dillalina." Ku yaran yanzu ba ku san nauyin wannan magana ba. A kasuwar shanu mai saye bai san mai sayarwa ba, dillali ya sani. In dabba ta fito da ɓoyayyen ciwo, ko ta zama ta sata, ba a neman wanda ya kawo ta, wuyan dillali ake kamawa.

Na ce, "Haba Alhaji, dillalin abin da na ce kada ka saya?"

"Kana tsaye aka yi ciniki ko ba ka tsaye? Kai ka buɗe mata baki ko ba kai ba? To. Ta zauna lafiya, kamiyona naka ne. Ta kwanta, akwai wani makaniki a hanyar Marwa da kullum yake aiko mini da gaisuwa."

Ja kuwa ba ta samu mai so ba. A shekarar fari wa zai sayi motar da ba ta ɗaukar ko buhun dawa biyu? Ranar da Nasara zai tashi sai ga shi ya turo ta har gindin mangwarona, ya miƙo mini makulli. Ya ce ni kaɗai na kalle ta ranar ciniki, don haka tawa ce, sharaɗinsa ɗaya, kada in bar ta ta yi mako ba ta yi tafiya ba. Ba zan ɓoye muku ba, na so motar nan fiye da yadda ya kamata mutum ya so ƙarfe. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai in tace mata mai da hula, in zagaya gari, in haye gada in dawo. Ni da ba ni da takalmi biyu, ga ni cikin motar da manyan ma'aikata ke juyowa su kalla. Sau ɗaya matata ta yarda ta shiga, ta rufe ido daga ƙofar gida har ƙofar gida.

Alhaji ya yi mako biyu ana yawo da shi cikin fara, sai damina ta kankama, lokacin tafiyarsa Meiganga ya yi, inda yake zama watanni yana tara shanu. Na je yi masa sallama na tarar an gina wa mota rumfa a tsakar gida, an kewaye da zana, an shimfiɗa mata yashi mai laushi. An cika tankinta fal da man duro, ko tacewa ba a yi ba. An ba mai gadi umarni ya wanke ta kowace safiya. Makulli kuwa Alhaji ya sa a aljihun ciki, inda yake ajiye abin da ba ya so a sani.

Na ce, "Alhaji, ka bar mini makullin, in riƙa tayar da ita ko sau ɗaya a mako."

"Don me? Kowane tashi ƙarfinta ake ci. Ta sha wahalar Nasara shekara biyu, bari ta huta ta yi jiki."

"Ita zaman ne ke kashe ta."

"Isa, ka iya ƙarfe, ban hana ka ba. Amma turke kada ka koya mini."

Wata huɗu makullin nan yana Meiganga. Ni kuwa in na bi ta ƙofar gidan sai in ji mai gadi yana watsa mata ruwa yana waƙa.

Shi ya sa in na ji ku kuna gardamar wace ta fi gudu sai dariya ta kama ni. Tsohuwar mota ba a hoto ake zaɓen ta ba. Ka tambayi kanka wane mai za ka ba ta, wa zai buɗe ta in ta ƙi, kuma kai ɗin za ka tuƙa ta ko ajiye ta za ka yi kana nuna wa baƙi. Gudu shi ne tambaya ta ƙarshe, kuma a hanyoyinmu na lokacin rami ne ke amsa ta.

Alhaji ya dawo bayan ɗaukewar ruwa, kuma tun daga Meiganga yake shelanta wa fatake cewa babbar kasuwar Adumri ta farko cikin farar mota zai shigo. Saura kwana tara aka yaye zana, ya zauna, ya murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba. Aka aiko a kira dillali.

Abin da na fara gani ɓeraye ne. Sun yi gida cikin matatar iska, uwa da 'ya'yanta, sun ci wayoyi sun ƙoshi. Wannan ba komai ba ne, yini ɗaya na gyara, na sa wani batir. Injin ya juya amma bai kama ba. Na kwance bututun mai na shinshina, sai wari kamar tsohon fenti. Fetur ya zauna ya yi kauri kamar ƙaro, ruwan da ke cikinsa ya kwanta a famfon allura ya yi tsatsa. Na cire famfon, na naɗe a tsumma na kai wa Malam Dauda. Ya juya shi a hannu ya dubi darmar, ya miƙo mini abina.

Ya ce, "Wannan ba a hura shi da baki. Aika Duwala, in da rabo ka gan shi kafin wata damina. Wa ya ce ka tsaya a cinikin?"

Na koma na faɗa wa Alhaji maganar Duwala. Yana cin gasasshen nama, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ni ban san Duwala ba, dillali na sani. Na ba ta inuwa, na ba ta mai, ban wahalar da ita ba. In ta kwanta, da ciwonta aka sayar mini. Saura kwana bakwai."

Muka jawo fara da igiya zuwa rumfata, aka ajiye ta gefen ja. Na kewaye wurin da zana na ce aikin allura ba ya son ido. Gaskiyar magana ni ne ba na son ido, domin tun a hanya na san abin da zan yi, zuciyata ce kawai ba ta yarda ba. Na ɗauki igiya na gwada mazaunin injin fara, na gwada na ja. Ɗaya ne, ko yatsa bai bambanta ba. Kwana biyu ina zagaya motocin nan ina neman wata hanya, babu. Ranar Juma'a na tace wa ja mai, na haye gada da ita, na wuce inda na saba juyowa har sai da gari ya ɓace a madubi. Da na dawo na tura ta ƙarƙashin reshen mangwaro na ɗauko sarƙa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma haushin Alhaji nake ji, ina kuma jin haushin kaina.

Malam Dauda ya zo da kansa ya riƙe mini sarƙa, yana zagina tun daga ɗaga injin farko har saukar na biyu. Aikin ya fi yadda na zata. Tankin fara sai da muka sauke, muka zuba tsakuwa da kananzir muka yi ta girgizawa har hannu ya mutu. Wayar totur ta gaza tsawo, na samo ta birkin babur na haɗa. Salansa ta ƙi haɗuwa, na kai wa mai walda ya ɗan karya mata wuya. Da muka zo rufe bonet sai matatar iska ta tokare, na kwantar da ita da guduma a hankali ina ba ta haƙuri. Ana gobe kasuwa na murɗa makulli, fara ta tashi da bugu ɗaya. Malam Dauda ya goge hannu ya ce, "Ka faɗa masa?" Na ce a'a. Ya ce, "Allah ya ba ka sa'a, ni ban zo nan ba."

Ban faɗa ba don dalili biyu. In na faɗa, na ce masa ke nan ni na yi gaskiya shi ya yi kuskure, kuma Alhaji bai saba haɗiye irin wannan ba. Na biyu ya fi muni. A wurin mutanen shanu babu laifin da ya kai dillali ya musanya dabba a ɓoye, ko da wadda ya kawo ta fi kyau.

Ranar kasuwa muka kama hanya da sassafe, ni a sitiyari, Alhaji ya ɗaure sabuwar hularsa da rawani don kada a maimaita. Da farko yana ta fara'a yana ɗaga wa mutane hannu. Muna barin kwalta sai ya karkata kai gefe ɗaya yana saurare. Can ya ce, "Tsaya. Kada ka kashe."

Na tsaya gindin wata tsamiya. Ya fito da kansa, ko taimako bai nema ba, ya je gaban mota ya tsaya ya rufe ido.

Ya ce, "Wannan ba muryarta ba ce. Tawa da hanci take kuka, wannan da ƙirji. Ni da nake gane saniyata cikin garke ɗari ba tare da na gan ta ba? Kuma na san muryar nan. Ita ce ke wucewa ta ƙofar gidana ranar Juma'a tana hana ni ƙailula."

Na fito na durƙusa na faɗa masa komai, tun daga ɓeraye har guduma.

Ya ce, "Ina jar?"

"Tana rumfa, Alhaji. Babu komai a cikinta."

"Taka ce fa."

"Tawa ce."

"Ka san abin da ake yi wa dillalin da ya yi musanya?"

"Na sani."

Sannan ya koma ya cusa kansa cikin kujera ya ce, "Tuƙa."

Shigarmu Adumri kasuwa ta watse ta dawo kanmu. Makiyaya suka bar shanunsu, mahauta suka zo da wuƙaƙe a hannu, fatake suka kewaye mu ana ta salati. Alhaji ya fito ya jingina da ƙofa kamar a cikinta aka haife shi. Wani abokin hamayyarsa ya ce a buɗe gaba su ga allurar da ake faɗa. Alhaji ya ce, "Ba a buɗe bakin dabbar da ba ta sayarwa ba." Aka yi dariya. Sai kawai ya kamo hannuna ya jawo ni tsakiya.

Ya ɗaga murya ya ce, "Ga makanikina. Ranar ciniki ya ja ni bayan bishiya ya ce in bar wannan in ɗauki wata guzuma. Isa, faɗa musu da bakinka, tsakanina da kai wa ya yi gaskiya?"

Injin motata ne ke huci a bayana, da hannuna na ɗaura shi, kuma shi ya kawo mu. Amsar tana kan harshena. Na dubi Alhaji, ya dube ni, idonsa ko ƙiftawa ba ya yi. Na tuna kamiyo uku da tukunyar gidana.

Na ce, "Alhaji ne ya yi gaskiya."

"Ba su ji ba."

"Alhaji ne ya yi gaskiya!"

Kasuwa ta ɗauki shewa. Wani tsohon bafillace ya ce in bar ƙarfe in zo ya koya mini kiwo. Na yi dariya tare da su, amma abin ya yi mini ɗaci. Muka koma gari ni da Alhaji. A ƙofar gidansa ya karɓi makulli ya shige, ko sai gobe babu.

Kwana uku babu kamiyo ko ɗaya. Ina zaune a rumfa ni da gangar ja, bonet ɗinta a buɗe, ana hango ƙasa ta ramin da inji ya bari. Wani ya zo ya ce mini ya ga ɗaya daga cikin motocin Alhaji ta nufi hanyar Marwa. Na yi asarar motata, na yi ƙarya gaban kasuwa, ga shi kuma aikin zai tafi. Na fara tunanin yadda zan koma wurin Malam Dauda in roƙe shi ya mayar da ni aiki.

A rana ta huɗu da hantsi na ji ƙugi. Kamiyo uku suka jeru a bakin rumfa. Buba, babban direban Alhaji, ya sauko yana danne dariya, ya ce na farko birki, na biyu lagireto na yoyo, na uku kuma saƙo ne. Ya zagaya baya ya sauke katako, ya jawo wata saniya da igiya. Ban taɓa ganin tsohuwa irinta ba. Ƙaho ɗaya a karye, gashin fuska ya yi fari, tana taka katakon kamar mai ciwon gwiwa.

Na ce, "Buba, wannan fa?"

Ya ce, "Alhaji ya ce a kawo maka guzuma, tunda kai su kake so. Ya ce kada ka wahalar da kanka duba bakinta, haƙori ya ƙare. Cikinta za ka duba."

Na matsa na ɗora tafina a gefen cikinta. Na ɗan jima ban ji komai ba, sai wani abu ya shure ni daga ciki, da ƙarfi, har sau biyu. Na ɗaure ta a jikin mangwaro, na ɗauko sifana na shiga ƙarƙashin kamiyo na farko.